Abin da Malam Sifili ya ajiye bai ɗauka ba

Makunnin fitilar ɗakina can sama yake, don marigayi maigidana dogo ne, daidai hannunsa aka kafa shi. Shekara talatin da ɗaya shi ke kunnawa, shi ke kashewa. Da ya rasu sai na koma taka kujera. Wata rana maƙwabcinmu na ɗakin ƙarshe ya hango ni a kan kujerar ina miƙa hannu. Washegari ya yi sallama, ya sauko da makunnin zuwa daidai kafaɗata, ya tattara ƙasar da ta zubo daga bango a tafin hannunsa.

"Yaya, gwada mu gani," ya ce. Na kunna, na kashe. Kafin in gama godiya ya fice.

Malam Sifili ake ce masa a gidan, domin in zai ƙirga abu daga sifili yake farawa, ya ce haka ake yi a sana'arsu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a nesa. Matar telan da ke gidan namu takan tsokane shi a bakin famfo.

"Malam, yanzu matanka nawa?"

"Sifili."

"Ashe gwauro ne!"

"A wurinmu sifili ita ce ta farko. Ki daina raina uwargidana."

Aikinsa rubuta wa na'ura umarni. Ba irin kwamfutar ofis ba, wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafafu kamar kyankyaso, wanda ake sa wa a cikin injuna. Ya ce yawancin masu wannan aiki ta bakin tafinta suke yi wa na'ura magana, su ce a yi kaza, tafintan ya warware mata. Shi kuwa yaren asambili yake rubutawa, baki da kunne ke nan, babu kowa a tsakani. Ba za ka ce mata ɗebo ruwa ba. Sai ka ce tashi, ɗaga ƙafa, ajiye ƙafa, kama guga. In ka manta ka ce ta tsaya, cikin rijiyar za ta faɗa, kuma ba laifinta.

Na ce, "Wannan ai wahalar da kai ne."

"Wahala ce mai daɗi, Yaya. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In ta yi shirme, nawa ne."

Na taɓa jin ya yi shewa shi kaɗai a ɗaki, na zaci albishir aka yi masa. Ashe layi tara na umarni ya mayar bakwai. Wai cikin abin ƙarami ne, kowane gurbi da amfaninsa. Ranar har ya manta da shayinsa a kan taga.

Aikinsa na ƙarshe akwati ne na gilashi mai ɗumama jarirai bakwaini. Ungozomar ƙaramin asibitin unguwa ce ta roƙe shi, nasu ya mutu, jarirai biyu sun tafi a sanyin da ya wuce. Ya haɗa shi, ya sa kwalbar ruwa a ciki a madadin jariri. Akwatin yakan yi kwana biyu lafiya, sai haka kawai ɗumin ya haura har gilashin ya ƙi taɓuwa. Wani lokaci kuma ko yini ba ya kaiwa.

A daidai lokacin idonsa ya fara tafiya. Likita ya gaya masa ba mai dawowa ba ne. Na ga yana kai takarda har kan hancinsa, na ga ya zuba ruwan zafi a gefen kofi. Ungozoma ta zo sau uku.

"Malam, sanyi ya kusa. Ba ni shi haka, mu riƙa lura."

"Ba zan ba ki abin da ban san ranar haukarsa ba."

"To in idon ya rufe fa?"

Ya sake kai takarda kan hancinsa.

Ni aji huɗu na yi a firamare, amma ina gane harufa da lambobi. Da ya ce ko zan riƙa karanta masa, na ce ban san ma'anarsu ba. Ya ce ma'ana tana kansa, ido yake aro. Kowace hantsi, bayan na gama wuridina, sai in zauna a kan tabarma a bakin ƙofarsa da takardu shafi goma sha tara, ina karantawa harafi harafi, shi yana rufe da ido yana gyaɗa kai. Kalmomi biyu kaɗai ya koya mini. Ɗaya mai harufa huɗu, ya ce ajiye ke nan. Ɗaya mai uku, ɗauka ke nan. Kamar jera faranti ne, wanda ka ɗora ƙarshe shi za ka fara saukewa, kuma duk abin da aka ajiye dole a ɗauke shi.

Mun sauke takardun sau biyu ba mu ga komai ba. Amma zaman bakin ƙofa ya sa na lura da wani abu. Ranar da baƙi suka zo kallo, kowa yana ɗaga murfi yana leƙa kwalba, ranar akwatin ke saurin haukacewa. Na ji nauyin faɗa, sai a rana ta uku na faɗa.

Ya ɗago kai. "Murfi? Buɗe mini shafi na goma sha ɗaya, nan maganar murfi take."

Na karanta, ina riƙe lissafi da gaɓoɓin yatsuna kamar mai tasbihi, ajiye a dama, ɗauka a hagu. Da na kai ƙasa na ce, "Huɗu da huɗu ne. Sai dai akwai wani layi da na taɓa jin ka kira shi layin tsallake, yana zaune kafin ɗauka ta ƙarshe."

Ya sa na maimaita layin. Sai ya dafe kansa da hannu biyu. Duk lokacin da aka ɗaga murfi, na'urar takan tsallake ta bar faranti ɗaya a ajiye. Ɗaya kan ɗaya, har tulin ya hau kan gurbin da aka rubuta yawan ɗumin da ake so.

"Da jariri ne a ciki," ya ce, ya kasa ƙarasawa. Daga baya kuma ya yi ta dariya har da hawaye. "Layi ɗaya, Yaya! Wata biyu!"

Gyaran bai kai minti biyar ba, ni na riƙa gaya masa inda yatsansa yake. Matar tela ta yini tana ɗaga murfi tana rufewa, sau ɗari uku, tana mitar an mayar da ita inji. Ɗumin bai motsa ba. Kafin sanyi ya shigo aka ɗauki akwatin, kafin sanyin ya fita Malam ya daina gane fuska. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa a gidan 'yarsa. Allah ya haskaka kabarinsa.

Ranar da za a tafi da shi can, ya miƙo mini takardun a ɗaure da zare. Ya sa na rubuta a gefen shafin nan da hannuna, da mummunan rubutuna, cewa a nan ya ajiye ya manta bai ɗauka ba.

"Wata rana akwatin zai lalace, wani zai zo neman waɗannan," ya ce. "Kada ki tsaya yabona. Ki fara buɗe masa shafi na goma sha ɗaya."