Igiyar Gugan Babanmu

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ranar wata Laraba bayan yankan dawa, ina zaune ina ɓarar gyaɗa Sabi'u ya yi sallama. Ɗan yayana marigayi ne, ni na yaye shi, a bayana ya yi wayo. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, aron igiyar guga na zo." Na ce, "Yasar rijiyar za ku yi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Aiki dai za a yi a gonar." Na tashi da kaina na ciro ta daga maratayi na miƙa masa, har da sa albarka.

To, abin da ya sa ban ƙara tambaya ba, sai na koma da ku baya.

Gonarmu tana bayan garin Rano ta hanyar Kibiya, kuma a tsakiyarta babanmu ya haƙa rijiya tun ban iya ɗaurin zane ba. Zurfinta gaba goma sha biyu. Duk kaka shi yake tufka mata sabuwar igiya. Mu yara mu ne masu yanko rama, mu jiƙa ta a kududdufi har ta yi wari, mu saɓe ta, hannuwanmu su yi ta ƙaiƙayi. Shi kuwa ya zauna gindin tsamiya ya naɗe wando, yana murzawa a cinya. In ya gama sai ya ware hannuwansa yana awo, ni ina ƙirgawa da ƙarfi. A jikin igiyar nan na koyi ƙirga, ban da wani allo sai ita. A bakin rijiyar muke carafke da duwatsun da muka tsinto a gindin dutse, a nan muke gasa gyaɗar da muka yi kala, mu koma gida baki baƙi ƙirin, Inna ta tare mu da faɗa. Matan Fulani su sauke ƙwaryar nono su sha ruwa, su zuba mana kindirmo a murfin kwano. Masu jakuna daga Lausu da Zurgu su ratso su shayar da dabbobinsu. Ranar da na ɓoye igiyar saboda haushin wata yarinya da ta cinye ni a carafke, ranar ce kaɗai Baba ya taɓa ɗaga mini murya. Ya ce, "Ruwan nan ajiya aka ba mu. Duk wanda ya nemi igiya a miƙa masa, ba a tambayarsa dalili."

Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da sa wa a tufka ta, gaba goma sha biyu, ba ƙari ba ragi.

Da gari ya tsawaita har ya taɓo gonar, magada suka ce a yanka ta filaye. Ban ƙi ba, mutane sun yi yawa, kowa yana son inda zai sa haƙarƙarinsa. Abu biyu na roƙa: a jira masu taswira su fitar da hanya da magudanar ruwa, a kuma bar rijiyar da tsamiyarta a fili don kowa. Sabi'u ya dafa ƙirji a gaban dangi ya ce, "Gwaggo, rijiyar Malam ba mai taɓa ta."

Kwana uku da ba shi igiya na lallaɓa gonar da furata, in kai wa masu yasa. Ban tarar da mai yasa ko ɗaya ba. Igiyar babanmu na gani shimfiɗe a ƙasa, maza biyu sun ja ta, na uku yana kafa turke. Ashe awon igiya ake yi. Igiya ɗaya gida ɗaya, igiya ɗaya gida ɗaya. Na kira shi na ce, "Sabi'u, ina masu taswirar?" Ya ce, "Haba Gwaggo, in suka zo ai hanya da lambatu za su cinye rabin gonar." Na ce, "Rijiyar fa?" Ya kalli takalminsa.

Yau gidaje sun cushe a wurin, katanga jikin katanga. Ruwan wanke-wanken wannan a ƙofar wancan yake kwana. Da aka yi rasuwa bara, sai da aka karkata makara kafin ta fita lungun. Tsamiya ta zama itacen girki. Rijiyar kuwa ta faɗa cikin gidan wani baƙo wanda bai san Baba ba, ya daɓe ta da siminti ya mai da ita masai. Jikokina 'yan garuwa suke jira.

Sabi'u ya dawo mini da igiyar a naɗe, da jar ƙasa a jikinta. Tana nan a maratayi, ban wanke ta ba. Baba ya koya mini kada in hana, bai koya mini in tambaya ba.