Gonar Masallaci da Kande

Kakata Iya ba ta tatsuniya sai wuta ta kama sosai. A Tsohon Birnin Gwari, da damina, bayan magariba mukan zagaye murhunta tana gasa mana masara tana zagin hayaƙi. Ranar da ba na mantawa ta ce, "Ku matso, 'yan nema. Ta yau babu Gizo a ciki, kuma da idona na gani."

Tana yarinya, tun kafin zuwan Nasara, akwai wani attajiri, Madugu Salihu. Da ciwon ajali ya kama shi, tsoron kabari ya shige shi, sai ya ba masallaci babbar gonarsa ta bakin daji waƙafi, wato ta zama ta Allah, ba a sayarwa, ba a gado. Ya haɗa da bayin da ke noma ta. Gari ya ɗauka, kowa sai sa masa albarka yake.

Cikin bayin akwai Kande, wadda mahara suka kamo daga wani ƙauyen Gwari. Wanta Dogo ya yi shekaru yana cigiyarta. Da ya gano inda take, ya koro shanunsa kaf ya ratso daji don ya fanshe ta.

Magadan Madugu suka ce ai ba tasu ba ce, ta masallaci ce. Dogo ya je ya durƙusa gaban liman.

Nan Iya ta sassauta murya. "Liman ya ce, 'Bawan Allah, wallahi da tawa ce da na sake ta yau. Amma ni tsaro aka ba ni. Abin da aka ba Allah, wa ya isa ya karɓi fansarsa?'"

Dogo ya juya da shanunsa. Kande ta raka shi har iyakar gona, ta tsaya, ta koma ta ɗauki fartanya. A gonar ta tsufa, a nan aka binne ta.

Na fashe da kuka na ce, "To Iya, wane ne mugun?"

"Oho! Ci masararka."

Yau ni ma na yi furfura, kuma tambayar ba ta sake ni ba. Ba na shakkar ladan sadaka. Geron gonar nan ya ceci mutane da yawa a shekarun yunwa, har da gidanmu. Amma abin yana ci mini rai. Madugu bai taɓa riƙe fartanya a gonar ba. Ya so ya kuɓuta daga wuta, sai ya miƙa wa Allah rayuwar Kande, ba tare da ya tambaye ta ba.