Ƙwayar Inna da Madarar Asuba

Mu huɗu ne wannan al'amari ya shafa: mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ƙanenta, Kawu, wanda filayen gidansu suke hannunsa tun rasuwar kakanmu, wata Bafulatana, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, sai ni, ɗanta na fari, da na gama jami'a a Damagaram na dawo Gure ina jiran aiki.

Inna tana da garka a wani kwari da ke bayan gari, inda ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin rairayi. Rabonta ne daga ubanta, amma a danginmu fili ba ya kwanciya: wanda ya kasa nomawa, akan miƙa wa wani ɗan'uwa ya riƙe, kuma abin da aka miƙa ba kasafai yake dawowa ba. A can take shuka albasa da rogo, a can kuma dabinonta suke. Ban taɓa ganin ta cikin nishaɗi irin na lokacin da take tsaye a bakin rijiyar garkar, tana sakin ruwa a fangali tana faɗa da tsuntsaye, ba.

Ciwon ya shigo a hankali. Ta fara jin sanyi a lokacin da kowa ke gumi. Muryarta ta yi kauri, fuskarta ta kumbura, gashinta ya riƙa bin mataji, har mai kitso ta rasa abin kamawa. Takan ja guga biyu ta zauna tana haki, wani lokaci barci ya ɗauke ta a gindin dabino. Maƙwabta suka ce tsufa ne. Na kai ta Damagaram aka auna jininta. Likita ya yi mana bayani cewa akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda suke kira tiroyid, mai fitar da sinadarin da ke ba jiki kuzari, kuma ta Inna ta yi rauni. Ya rubuta wata ƙaramar ƙwaya. Ya ce a sha ta kullum da asuba, da ruwa kawai, a kuma dakata kafin a sa wani abu a ciki.

Inna ta dubi ƙwayar a tafin hannunta ta ce, "Wannan ɗan abin, da bai kai ƙwayar dawa ba, shi zai ja mini guga?"

Ta riƙe ta da gaskiya, ba ta taɓa tsallake rana ba. Amma sauƙin da aka samu kaɗan ne. Muka koma aka sake awo, likita ya ƙara ƙarfin maganin. Bayan wasu makonni aka sake ƙarawa. Kafin ƙarfinta ya dawo, lokacin sanyi ya wuce, albasar wannan shekara ta bushe a fangali.

A nan ne Kawu ya zo. Ya zauna a kan tabarma, ya daɗe yana gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Yaya, ba don na ƙi ki ba, amma garkar nan tana mutuwa. Bari in ba ɗan'uwanmu na Bune ya riƙe, ke ki huta."

Inna ta ce, "Hutu ai yana kabari. Ka ba ni shekara guda. Idan sanyi ya sake zagayowa ban ja ruwa da hannuna ba, ka ba wanda kake so."

Ya amince, muka shiga damina da wannan alkawari a kanmu.

Sai abin ya juya. Matar da ke lulluɓa da bargo ta koma neman iska. Hannunta ya riƙa rawa har shayi yana zuba, zuciyarta tana bugawa kamar ta yi gudu, ta rame, ga saurin fushi da ba halinta ba. Maganin bai canja ba, abincin gidanmu bai canja ba. Na ga yadda Kawu yake kallon hannunta.

Muka sake komawa Damagaram. Awon ya nuna cewa maganin ya yi mata yawa, alhali shi ne wanda a baya da ƙyar ya ishe ta. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce, "Hajiya, ki ba ni labarin safiyarki, tun daga buɗe ido."

Ta ce tana yin salla, ta haɗiye ƙwaya da ruwa, ta share tsakar gida.

"Haka kike yi da sanyi ma?"

"Da sanyi kam akwai madara."

A nan ya kamata in yi bayani. Shekaru da suka wuce Inna ta ba ƙawarta riƙon saniya. Bayan girbi, idan Fulani suka sauko kusa da gari, ƙawar takan tatsi saniyar tun da duhu, ta kawo madarar a ƙaramar ƙwarya da ɗuminta. Ba ta zama, ba ta amsa gaisuwa, sai Inna ta kafa kai ta shanye a gabanta, ta miƙa mata ƙwaryar. Wannan ita ce shaidar cewa amana tana nan. Da ruwan sama ya sauka kuwa, sai su tafi arewa da shanu don nisantar gonaki, madara ta yanke sai wata kaka. Na tashi ina ganin wannan kullum, kamar yadda nake ganin fitowar rana, shi ya sa bai taɓa zuwa mini a rai cewa abin faɗa wa likita ba ne.

Likitan ya ce madara tana tare wani kaso na maganin, ta hana shi shiga jini. Duk ƙarin da ya yi, ya yi shi ne a kan cikin da ke da madara. Da madarar ta tafi arewa, sai maganin ya shiga gaba ɗaya.

Ya ce, "Ai na ce a dakata, Hajiya."

Inna ta ce, "Ka ce, ɗana. Amma mace ta taso daga ruga cikin sanyi, tana tsaye a ƙofata da ƙwarya, in ce mata ta jira agogo?"

Ya yi dariya, ya rage ƙarfin ƙwayar, ya ce madarar ba haramun ba ce, a bar ta sai hantsi. Ya kuma ce mu dawo awo bayan wasu makonni, kada mu ƙara ko mu rage da kanmu.

Rawar hannu ta lafa kafin girbi. Abin da ya rage shi ne ƙawar. Inna ta fi jin tsoron ranar dawowarta fiye da allurar ɗibar jini. Da safiyar da Bafulatanar ta dawo, ta miƙo ƙwarya, Inna ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba. Barebari da Fulani abokan wasa ne, kuma Inna jinin Barebari ce, don haka ba a tsaya ladabi ba.

"Ke Babarbariya, na sa guba ne?"

"Lokotoron asibiti ya ce madararki ce ke cinye mini magani."

"Madarata? Saniyarki ce fa. In akwai ɓarauniya, a gidanku ta koyi sata."

"A hannunki ta lalace. Da tana wurina, mai tarbiyya ce."

Ƙawar ta juyo gare ni. "Kai mai karatu, gaskiya take faɗi, ko rowar ƙwarya ce ta kama ta?" Na yi mata bayani daidai yadda na fahimta. Ta saurara har ƙarshe, ta karɓe ƙwaryarta, ta ce dama tafiyar asubar nan ta ishe ta, gwiwoyinta ba na da ba ne, kunya ce ta hana ta faɗa. Inna ta ce ashe shekara da shekaru tsofaffi biyu suna wahalar da juna saboda kara. Suka yi dariya har Inna ta share hawaye da gefen mayafi.

Tun daga ranar, ƙawar takan dafa madarar ta same ta a garka da hantsi. Inna ta sha a gindin dabino, ta miƙa ƙwarya, su zauna suna zagin juna. Awon da ya biyo baya ya fito daidai, haka ma na bayansa.

Da sanyi ya kama, Kawu ya zo kwarin ba tare da sanarwa ba. Ya tarar da ita a bakin rijiya, ruwa yana bin fangali. Ya tsaya yana kallo, sa'an nan ya ce, "Yaya, a ajiye mini albasa." Maganar ɗan'uwanmu na Bune ba ta sake tashi ba.

Har yau tana shan ƙwayarta da ruwa, za ta kuma sha ta muddin rai. Garka tana hannunta. Abin da aka rasa: albasar shekara guda, 'ya'yan dabino uku da ƙishirwa ta kashe, rabin gashin kanta, da madara mai ɗumin saniya.