Cinikin gidan Mama

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, na yi wani ciniki da har yau ban gama biyan kuɗinsa ba.

Gidan haya ne a Sabon Gari, ɗaki huɗu da rijiya, ba nisa da kasuwa. A nan aka haife ni, a nan mahaifina ya rasu, mahaifiyata kuma ta fi shekara talatin a ciki. Da mai gidan ya mutu, 'ya'yansa suka yanke shawarar sayarwa. Babbansu, wanda muka yi ƙwallo tare muna yara, ya taso takanas daga Legas. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya ce, "Mama, ba za mu kai wa dillali ba sai kun ce ba kwa so. Ku ne 'yan gida."

Ya ce miliyan shida. Kuɗin nan kuwa muna da su. Mahaifiyata ta sayar da gonar da ta gada a ƙauye, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa, har da ɗan saura.

To ni a lokacin ina ji da kaina wajen ciniki. Ko tumatir zan saya sai mai shi ya gaji da ni. Na gyara zama na ce miliyan biyar. Ya yi dariya ya ce albarka. Na zagaya da shi ina nuna masa tsagewar bango da kwanon da ke yoyo, sai ka ce ba ni na girma a ƙarƙashinsa ba. Bayan kwana biyu ya sauko, na ɗan hau, har ya rage dubu ɗari biyu ce tsakaninmu.

Ya ce, "Ɗan'uwa, wallahi ƙannena ba za su yarda da ƙasa da haka ba. Ba ni kaɗai ba ne."

Da ya fita, mahaifiyata ta ce, "Ka ba shi mana. Ni ban ga abin ja a nan ba."

Na ce, "Mama, ki bar ni da shi. Sauri yake ya koma Legas, shi zai neme mu."

Wani abokina ma ya ƙara zuga ni, wai tsohon gida irin wannan wa zai kalle shi, in yi shiru na mako guda in gani. Na yi shirun. Ya kira ni sau biyu ina aji, na ga kiran, na ƙi mayarwa don kada ya ga kamar na matsu.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na tafi da niyyar in ƙara dubu ɗari. Na tarar da wasu mutane biyu suna auna gaban gidan da igiya, mahaifiyata na zaune a bakin ƙofa da kayan cocinta ba ta ko cire ba. Wani ɗan kasuwa ne ya biya, bai ma taya ba.

Na kira ɗan mai gidan, na ce zan ba da shidan cif, har da ƙari. Na roƙe shi da zaman da iyayenmu suka yi. Ya ce, "Sau biyu na kira ka. An riga an sa hannu."

Wata uku aka ba mu. Na kwaso ta zuwa ɗaki biyun da nake haya a Samaru, inda ba ta san kowa ba. An rushe gidan an yi shaguna. Duk Lahadi ina kai ta cocinta a Sabon Gari, kuma duk Lahadi sai ta ce wa mai Keke, "Ɗana, bi ta ɗaya hanyar." Ba ta cika shekara biyu a wurina ba ta rasu.

Mutane kan ce min rabo ne, abin da ba naka ba ba naka ba ne. Ina gyaɗa kai kawai. Ni na san gidan nan an kawo mana shi har tsakar gida, ni na mayar da shi. Abin da ya fi ci min rai, ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba, balle in samu bakin ba ta haƙuri. Na yi ta jiran ranar da za ta yi min faɗa, har aka rufe ta.