Rinar Yaya Sule

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Yaya Sule a Unguwar Kanawa ya san ba a kashe ƙwaro a gabansa. Kana ɗaga hannu zai cafke: "Tsaya! Ka san ko wane ne?" Sai ya zaro madubinsa mai ƙara girman abu. Ni ƙaninsa ne, kuma ni na fi kowa shan wuyar halin nan.

Tun da ya yi ritaya daga ma'aikatar gona ya cika ɗakin baƙi da kwalabe, kowace an ɗaure bakinta da ƙyallen gidan sauro. A ciki yake kiwon wata 'yar rina, da kaɗan ta fi ƙwayar riɗi. Ba ta harbin mutum. Aikinta ta zuba ƙwai a jikin tsutsar da ke cin masara, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye tsutsar.

Wata rana matarsa Hajiya Asabe ta gaji da sauro, ta feshe gidan da fiya-fiya. Yaya ya fito ƙofar gida ya zauna, ya zabga tagumi. Liman ya zo wucewa.

"Malam Sule, lafiya?"

"Sun tafi, Liman. Gaba ɗayansu. Har 'yan kwana uku."

Innalillahi! Kafin azahar an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Na baro ofis a guje, na tarar da shi yana karɓar gaisuwa. Wallahi karɓa yake yi! Na ja shi gefe na ce ya faɗa musu gaskiya, rinarsa ce ta mutu. Ya ce, "To, ƙarya na yi?"

Ƙa'idarsa ita ce ƙirga. Rina kaza, tsutsa kaza. In rinar ta yi kaɗan, rabin tsutsa ta tsira. Ni kuwa da ya tafi Zariya ya bar mini jiran kwalaben, sai na ga a gama aiki lokaci guda. Na juye rinar kwalba biyar a kan tsutsar kwalba ɗaya. Bayan mako biyu ya kira ni, ya miƙo madubi. Tsutsar duk ta mutu da wuri, 'ya'yan rinar da suka fito 'yan tsiraru, ƙanana, ko tashi ba sa iyawa.

"Uwa goma sun zuba ƙwai a tsutsa ɗaya," in ji shi. "Wa zai ƙoshi? Garba, ka mayar mini da tsutsa gidan haya a Rafin Guza!"

Muna da gonar gado a Rigachikun, masararta ke ciyar da gidajenmu biyu. Daminar bara tsutsa ta faɗa mata, ganye ya koma kamar rariya. Yaya ya kai rinarsa ya saki kunya bayan kunya, yana ƙirgawa da baki. Kwana biyu da haka hawan jini ya kwantar da shi a asibiti.

Maƙwabtanmu na gona duk suka yi feshi. Ni ma sau uku ina saka injin feshi a but ɗin mota ina fitarwa. Na je duba Yaya, ga robar ƙarin ruwa a hannunsa, ban gama sallama ba ya ce, "Kar ka fesa."

"Yaya, gonar na ƙarewa!"

"Kwana goma."

"In ta ƙare fa? Me yara za su ci?"

"Garba, kai ma sai da ka yi wata tara kafin a ga amfaninka. Har yanzu ma ana jira."

Nas ɗin da ke gefe ta fita tana toshe baki.

Ban iya jira ba. Ran kwana na shida na feshe kunya huɗu ta gefen hanya, ina waige-waige kamar ɓarawo. Ran na goma sha ɗaya na buɗe ganye a tsakiyar gona, na ga tsutsa a sanƙare, kusa da ita wasu fararen ƙunshi kamar ƙwayar shinkafa, gidajen 'ya'yan rinar. Na duba gaba, haka. Sai na zauna a kan kunya.

Na kai masa ganyen asibiti. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kunya nawa ka fesa?"

Na ce, "Biyu."

"Huɗu. Fuskarka ta huɗu ce."

Ba duka masarar muka tsira da ita ba, amma mun sami abin da ya kai mu kaka. Shi kam bai ga girbin ba. Ranar da aka gasa masarar fari, Hajiya Asabe ta ware masa mai kyau ta ajiye a faranti kamar yadda ta saba, sai ta tsaya tana kallonta.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.