Motar da ta Iso Bayan an Rufe Rajista

Litinin: Kankiya zuwa Kafin Soli

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, muna idar da salla, Iro direba ya tsaya da motarsa a ƙofar gidanmu a Kankiya. Ni da Bashir, shugaban ƙungiyarmu ta matasa, muka ɗora lasifika da ƙaramin janareta da kwalin takardu a baya. Ni ne sakataren ƙungiyar, sana'ata kuwa koyarwa a firamare.

Ga abin da ya fitar da mu. Tun da bazara gwamnati ta sanar da tallafi ga ƙungiyoyin da za su taimaka wa matasa su yi rajistar zaɓe. Muka cike takardu, muka ce za mu ɗauki hayar mota mu riƙa kwaso matasan ƙauye zuwa wurin rajista. Aka ce mun dace. Don murna, har na zagaya ƙauyuka a babur ina shaida wa mutane cewa mota tana tafe. Kuɗin bai iso ba sai da kaka, mako bakwai bayan an rufe rajista. Takardar da ta biyo shi ta ce mu yi taro uku cikin mako guda, mu kai hotuna da sa hannun waɗanda suka halarta, ko kuwa mu mayar. Na ce mu mayar. Bashir ya ce wanda ya mayar ba a ƙara ba shi.

A bakin gari muka tarar da shingen 'yan sintiri. Ɗaya ya haska lasifikar da tocila.

"Wace jam'iyya ce?"

"Ba jam'iyya ba ce," in ji Bashir. "Wayar da kai ne."

"To, Allah ya wayar." Ya ɗage sanda muka wuce.

Shida saura kwata muka isa Kafin Soli. Muka karya da koko da ƙosai na naira ɗari shida, muka jira rana ta ɗaga. Ƙarfe tara aka taru a gindin dalbejiya, samari kamar ashirin, mafi yawansu da lauje a hannu, domin ana tsakiyar girbi. Bashir ya yi magana mai daɗi a kan ƙuri'a da 'yanci. Da ya gama, wani saurayi ya ce, "Yallaɓai, ni ba ni da kati. Ina zan je a yi mani?" Bashir ya dube ni. Na ce an rufe, sai wani karon. Saurayin ya gyaɗa kai, ya sa hannu a takardarmu, ya saɓa laujensa ya tafi gona. Ko fushi bai yi ba. Da ya zage mu da na fi samun sauƙi.

Talata: Kusada

Mun kwana gida, muka sake tashi ƙarfe bakwai. Muka bi titin Kano zuwa Gidan Mutum Ɗaya, muka karya kwana. Tayar baya ta yi faci a hanya, gyaranta ya ci minti arba'in, don haka sai tara da rabi muka shiga Kusada. Muka sauka gidan Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma.

Taron nan ya fi na jiya cika, amma da aka gane ba a raba riga ko hula, rabi suka watse kafin azahar. Muna naɗe wayar lasifika sai ga wani mutum da farar shadda, ya ce shi wakilin wani ɗan takara ne. Ya ja Bashir gefe, amma ina jin su. Yana son sunayen samarin da suke da kati, kuma yana neman mai baki irin na Bashir. Bashir ya ce mu ba 'yan siyasa ba ne. Mutumin ya yi murmushi, ya rubuta masa lambar waya a bayan wata takardarmu.

Da la'asar aka kawo mana tuwon dawa miyar kuka a zaure. Na ba Kawu labarin tallafin tun daga farko. Ya daɗe yana sakace kafin ya ce, "Nura, gobe ina za ku?" Na faɗa masa sunan ƙauyen.

"Can da ka yi masu alkawarin mota?"

"Can."

"Ka aika masu cewa an rufe?"

Ban aika ba. Na ɗauka kowa ya ji a rediyo. Kawu ya tashi ya ɗauki buta.

Laraba: ƙauyen da ba zan ambaci sunansa ba

Ƙarfe takwas muka bar Kusada. Tafiyar ba ta fi kilomita goma sha biyu ba, amma ta ci mana awa guda. Kafin a shiga ƙauyen akwai kwalbatin da ruwa ya cinye shekaru uku da suka wuce. Iro ya ce motarsa ba za ta tsallaka ba. Muka bar shi can, muka ɗauki lasifikar a ka.

Malama Zinatu ce ta tarbe mu, malamar Islamiyya, ba ta wuce shekara ashirin da uku ba. Da ita na yi magana da bazara. A lokacin ta gaya mini cewa yayarta ta rasu a bakin kwalbatin nan tana naƙuda, ruwa ya hana mota ƙarasowa. Tun daga nan ta ƙudurta sai duk wanda ya kai shekara goma sha takwas a ƙauyen ya mallaki kati, don 'yan takara su san akwai mutane a tsallaken rafi.

Kafin mu huta ta aika gida-gida. Suka fito, 'yan mata da samari da ƙananan matan aure, na ƙirga talatin da huɗu. Sun yi wanka, sun sa kayan fita. Wasu da ƙunshin abinci a leda.

"Malam, mun ga motar daga nesa," in ji ta. "Sawu nawa za a yi? Mata su fara."

Bashir ya sunkuya yana gyaran wayar lasifikar da ba ta lalace ba. Na ce mata ina son magana da ita. Muka koma gefen rumbu, na faɗa mata an rufe rajista.

"Mun ji a rediyo," ta ce. "Amma na ce masu ku na gwamnati ne, naku daban ne. Ba daban ba ne?"

"Ba daban ba ne, Malama."

Sannan ta ce, a hankali, "Ana saura kwana goma a rufe, Baba ya ce zai sai da akuya a ɗauki 'yan acaɓa su kai mu. Ni na hana shi. Na ce kada a yi asara, Malam Nura ya ce mota na zuwa."

Da ban zo da bazara ba, da yanzu suna da katinsu. Na fara ba ta labarin yadda kuɗin ya makara, na ji bakina yana faɗin gaskiya amma ba ta da amfani, sai na daina.

Ita ta sanar da su, ba ni ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Wata yarinya ta kwance ƙunshin abincinta ta miƙa wa ƙanenta. Suna shirin watsewa Bashir ya ɗago da waya, ya ce don Allah su tsaya a yi hoto ɗaya. Na ce ya bari. Malama Zinatu ta ce, "Ƙyale shi. Shi kuka zo nema, kada ku koma hannu rabbana kamar mu." Ta jera su da kanta, ta tsaya a ƙarshen layi. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Ta sa aka dama mana fura. Na ce mun ƙoshi, ta ce baƙo ba ya barin gidansu da ƙishi. Da ta rako mu bakin rafi ta tambaye ni ko za a sake buɗe rajista. Na ce bayan zaɓe, in Allah ya yarda.

"To in an buɗe, kada ka aiko. Da ƙafa za mu je."

Komawa

Sha biyu da rabi muka juyo. A Kusada Bashir ya ce Iro ya tsaya, yana da wanda zai gani. Ya ɗauki takardar nan mai lambar waya a baya.

"Bashir," na ce.

"Nura, shekara shida muna wannan. Me muka gyara? Su 'yan siyasa aƙalla motarsu na zuwa kan lokaci."

Ban riƙe shi ba, ya sauka ya tafi. Muka ci gaba da tafiya har Gidan Mutum Ɗaya. Can Iro ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa zaɓe ba, kuma ban ga abin da na rasa ba." A da, da na yi masa wa'azi har Kankiya. Ranar sai na ce ya kula da rami.

Ƙarfe uku saura minti goma muka iso gida. Na sauke lasifikar ni kaɗai, na ajiye ta a zaure. Washegari na aika da hotunan, aka amsa mini cewa aikinmu ya yi armashi.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Iro, da Kawu Sale da iyalinsa. Malama Zinatu kuwa, godiya ba ita ce abin da ya kamata in yi mata ba. Na roƙe ta gafara a bakin rafi, ta ce ba komai. Ban da ita, mutum talatin da huɗu ne suka tsaya a layin nan, amma ita kaɗai na samu ƙarfin halin roƙa.