Ranar da Aka Naɗi Kukan Motar Tsuyako

Duk ƙauyen nan na kan tudu babu wanda bai san halin Tsuyako Hyodo ba. Ka ce mata ina kwana, sai ta tsaya auna abin da kake nema. Ka yaba lemon gonarta, kana juya baya za ta je duba shinge. Ko marigayi mijinta, har ya bar duniya ba ta yarda kamun kifi yake zuwa ba, alhali kullum da ƙarnin kifin yake shigowa gida.

'Yar manoman lemo ce. A gonar ta girma, a nan ta yi aure, a nan ta haifi 'yarta tilo, Mineko. Abu ɗaya ta taɓa yi da ya tayar da ƙura: da ta kusa arba'in, maimakon ta sayi 'yar akori-kura kamar kowane manomi, sai ga ta da wata ƙaramar mota mai ƙofa biyu, maras nauyi, wadda ake ce wa Hachiroku. Motar samari! Aka yi ta tsegumi har aka gaji. Ita kuwa ta kwantar da kujerar baya, ta loda akwatunan lemo, ta riƙa hawa tudun nan tana sauka kamar akuya.

Yau ta doshi tamanin, motar na nan garau. Sai dai yara sun ga irinta a wasannin tsere na kwamfuta, ta zama abin nema, baƙi na tsayawa bakin shinge suna ɗaukar hoto. Tsuyako ta ƙara wa gareji kwaɗo. Amma ba ɓarayi ne suka fi tsaye mata a rai ba, Mineko ce. Duk kiran waya zancen ɗaya ne.

"Inna, ki kai lasin tuƙin nan ofishin 'yan sanda ki huta mana. Sa'anninki duk sun mayar. Har rangwamen bas ake ba su."

"Wace bas? Wadda ke zuwa in ta ga dama? A kanki zan ɗora lemon?"

Lasin nan shi ne ƙafarta. Ranar da ya tafi gona ta tafi, sai wani ɗan ɗaki a gidan suruki a birni, ta zauna kallon bango. Wannan kam tana tsoronsa, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Ana tsakiyar tsinkar lemo wani mutum ya iso da hantsi, cikin kwat, da kwalin alewa an naɗe shi tsaf. Ya rusuna, ya sake rusunawa, ya ce sunansa Kuwabara, daga Tokyo.

"Iya, a gafarce ni. Aikina naɗar kukan motoci. Wasan tsere muke haɗawa, aka ce mana taki ba a taɓa canja mata inji ko salansa ba."

"Wa ya ce muku?"

"Wani bakanike ne a gari..."

"Wanne?"

Ya sosa ƙeya, sunan ya ɓace masa. To, shi ke nan, Tsuyako ta gama karanta shi. Wane mai hankali zai taso tun daga Tokyo don ya ji kukan mota? Aikin Mineko ne wannan. Ta turo shi ya zauna gefe, ya ga yadda take tuƙi, ya kai rahoto. In ta ƙi, a ce tsoro ta ji. Sai ta karɓi alewar da hannu biyu, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta ce ai ba komai.

Ya manna makirfo ɗaya kusa da inji, ɗaya a bakin salansa, ɗaya a ciki, ya rufe kunnuwansa da abin saurare ya zauna gefenta.

"In da hali, Iya, a ɗan taka ta."

A taka ta, don ka samu abin faɗa ko? Tsuyako ta sa giya, ta ja mota kamar mai rakiyar gawa. Matar da ke shan kwana ba ta waiwaye, yau ita ce ke tsayawa cak a kowace mahaɗa, ta nuna dama da yatsa, ta nuna hagu, sannan ta motsa. Inji sai ƙunƙuni yake. Kuwabara ya san tafiyarsa ta tashi a banza, amma kunya ta hana shi magana.

"Yaya ka gani, ɗan nan?"

"Madalla, Iya. Madalla ƙwarai."

A mahaɗar da ke ƙasan gonar maƙwabcinta Nonaka, inda itatuwa suka rufe hanyar da ke gangarowa, ta tsaya, ta nuna, ta shiga. Sai ta ga baƙon ya zabura ya damƙi ƙofa, ya runtse ido. A'a, ji makirci! Hanya fetal, yana wani firgita don ya ƙawata rahoto. Ta taɓe baki ta wuce abinta.

Da suka dawo gareji ya hau naɗe wayoyinsa da sauri, yana godiya, ba ya kallonta. Wannan saurin ne ya ƙara tabbatar mata.

"Tsaya tukuna. Ba inda za ka da shi sai na ji abin da ka ɗauka."

"Iya, ai babu wani abin ji a ciki..."

"Ni ka mayar yarinya? Miƙo."

Ya ɗora mata abin sauraren a kunne. Ta ce ba ta jin komai, ya ƙara sauti. Ya ƙara kaɗan. Ta ce ya daina yi mata wayo, ya ƙure shi. Ya ƙure.

Sai ga muryar Hachiroku ta cika mata kai, mai kauri, da ɗan kaɗawar nan da takan yi in an saki kuloci. Rabonta da jin motar haka har ta manta, kuma ba ta san ta daina ji ba. Ta ji tsayuwarta, ta ji tashinta. Can sai wani hon ya tsaga komai, dogo, na mai neman tsira. Birki ya yi ƙara, akwatuna suka zube, ga muryar Nonaka daga akori-kurarsa yana kwarara mata kira da sunanta. A ƙarƙashin duk wannan, injinta na tafiya salin-alin, ko gezau.

Ta cire abin a hankali.

"Kusa ne?"

Kuwabara ya sunkuyar da kai, ya raba tafin hannuwansa kaɗan, ya nuna mata tazarar.

"Faɗa mini gaskiya. Mineko ce ta aiko ka?"

"Wace ce Mineko, Iya?"

Ta daɗe tana kallonsa, tana neman ƙarya a fuskarsa, ba ta samu ba. Da ma ta samu. Da 'yarta ce, da akwai wanda za ta yi faɗa da shi.

"Mayar da wayoyinka jikin motar," in ji ta. "Ka iya tuƙa mota mai giya?"

"Na iya."

Ta miƙa masa makulli, ta zagaya ta buɗe ɗayar ƙofar. Tun da ta sayi motar ba ta taɓa zama a wannan kujerar ba. Ta rasa inda za ta ajiye ƙafafunta, hannuwanta suka yi ta neman abin riƙewa, sai ta haɗe su a cinya.

"Ka taka ta har saman tudu, ka ɗauki abin da ka zo nema. In mun sauko ka bi da ni ta gari, ina da abin da zan ajiye a ofishin 'yan sanda."

Ya tayar da mota. Ta karkato da kunne wajen inji, ta kasa, ta ƙara kasawa.

"Ka taka mana, ɗan nan," ta ce. "Ba na jin ta."